Farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take

In ɗan kasuwa ya miƙa hannu zai ƙirga kuɗi, umurnin daga saman ƙwaƙwalwa yake fitowa, ya bi lakar baya ya kai ga tsoka. Numfashi kuwa, gindin ƙwaƙwalwa ke tafiyar da shi ko mutum yana barci.

Farfaɗiya tana tasowa in ƴar wutar da ke gudana cikin ƙwaƙwalwa ta ɓarke, gaɓoɓi su yi ta fizga ba da son mai su ba. A Maraɗi da Tibiri sau da yawa iskoki ake zargi, a nufi ƴan bori, alhali sanƙarau, zazzaɓin sauro mai hawa kai ko doguwar naƙuda na iya barin wannan tabo. Abin takaici, tsoron yawunsa, wanda ba ya harbin kowa, shi ke sa a tsere wa mai ciwon, ko da kusa da wuta ya faɗi, ko bakin magudanar ruwan noman rani a Jiratawa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce har 7 cikin 10 na iya daina faɗuwa in suna shan magani kullum, irin su Gardénal mai araha. In ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki.