Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Duk sanda na buɗe kwamfutata a gaban samarin da suka ƙware a Linux, sai in ga sun yi murmushin tausayi. Laifina shi ne ina aiki da Debian, shimfiɗar allona kuma Xfce ce, wadda Olivier Fourdan ya fara ginawa tun 1996. A ganinsu zamani ya wuce ni. To, ban zo neman afuwa ba, ƙara na kawo.

Wanda nake tuhuma da farko shi ne GNOME. A watan Afrilun 2011 magina wannan shimfiɗa suka fito da siga ta uku, suka ɓoye maɓallin da ake sauke taga da shi, suka rushe jerin manhajojin da hannu ya saba da su. A 2018 kuma suka cire damar ajiye fayil a fuskar allo. Wai tarkace yana raba hankali. Hankalin wa? Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamin da ya baje takardun jarrabawa a teburinsa ba ya buƙatar wani ya shigo cikin dare ya kwashe su da sunan tsafta. Ba ni kaɗai abin ya ɓata wa rai ba: Linus Torvalds da kansa ya yi ƙaura zuwa Xfce a 2011, ko da yake daga baya ya koma, kuma MATE da Cinnamon duk 'ya'yan wannan fushi ne.

Sai mutanen Arch, masu alfahari da cewa kowace safiya akwai sabuntawa. Wannan ado ne na wanda intanet ba ta yanke masa. Ni da nake sayen data daga kuɗin cefane, wanda wuta kan ɗauke masa ana tsakiyar saukarwa, na fi son Debian: sabuwar siga kusan duk shekara biyu, tsakaninsu gyaran tsaro da ɗan abin da ba a rasa ba.

Na yarda manhajojinta sukan kwana biyu, Xfce kuma ba ta da ƙyalli. Amma ban taɓa jin rubutun da ya lalace don tagarsa ba ta yi rawa kafin ta buɗe ba.

Abin da ya sa ban ɗauki gardamar nan wasa ba shi ne, ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta janye tallafinta ga Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta yarda ta hau injin da ba shi da TPM 2.0 ba. Da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ɗalibanmu ke rubuta kundin digiri da su sun zama marayu ke nan. Ɗalibar da ta zo mana da irin wannan inji, ƙwaƙwalwarsa gigabait huɗu, kundinta saura babi biyu, me za mu ɗora mata? Ni dai Xfce zan ɗora mata, in nuna mata inda fayilolinta suke, in tashi in ba ta kujerar.