Binciken Galahanga: Mu Shiga, Amma da Sharaɗi

Tun 1943 da likita Leo Kanner ya bayyana halin wasu yara 11 a Amurka, yawancin abin da likitoci suka sani game da galahanga daga yaran Turai da Amurka aka samo shi. A 2025 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce cikin kowane yara 31 masu shekara takwas, ɗaya na da wannan lalura. Ƙirgawa suka yi shi ya sa suka sani. A wurinmu kuwa, yaron da ya shekara uku bai yi magana ba, ba ya waiwayowa in an kira shi, yana toshe kunne da an tada injin markaɗe, sai a ce shafar aljanu ce a nufi mai ruƙiyya. Ko an kai shi asibiti, tambayoyin da za a auna shi da su an tsara su ne da yaran wata al'umma. Ana duba ko yana haɗa ido da mutane, alhali mu sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne. Gyara irin wannan ma'auni sai da iyalanmu a cikin binciken.

Hanyar haɗa iyalai da masu bincike ba sabuwa ba ce. A 2016 Gidauniyar Simons ta buɗe shirin SPARK a Amurka: iyali su yi rajista, a aiko musu da ƴar kwalba su tofa yawu su mayar. In an gano sauyin ƙwayar halitta mai nasaba da lalurar sai a sanar da su, a kuma riƙa gayyatarsu wasu binciken, su amsa ko su ƙi.

Za a ce ai mun ga abin da bincike ya jawo mana, kuma ba ƙarya aka yi ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai gudun ba ya kare yaro, sharaɗi ne ke kare shi. A Ingila, masu galahanga da kansu suka sa aka dakatar da binciken Spectrum 10K na Jami'ar Cambridge a 2021, saboda ba su gamsu da yadda za a yi amfani da bayanan ƙwayoyin halittarsu ba. Mu ma muna da ikon cewa a yi wa uwa bayani da Hausa, baki da baki, ba a miƙo mata takardar Turanci ta dangwala ba. A bar ta ta janye duk ranar da ta so. Sakamako kuma ya dawo gida.

Wasu kuma za su ce makaranta da mai koyar da magana iyali ke buƙata, ba tambayoyi ba. Haka ne, amma gwamnati ba ta ware kuɗi ga yaran da ba ta san yawansu ba. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri na iya buɗe rajistar iyalan da suka yarda a tuntuɓe su, a kuma ba iyaye da manyan masu galahanga kujera a kwamitin da ke tantance wanda za a bari ya tuntuɓe su.