Neman diyya ba rashin tawakkali ba ne

Idan mota ta buge mai keke a Kano ko Zariya, kafin mai ɗori ya gama aikinsa dattawa sun iso da magana ɗaya: ƙaddara ce, a yafe. Direba ya biya kuɗin magani, an rufe zance. Wanda ya ce zai nemi diyya kuwa, sai a ɗauke shi mai ja da hukuncin Allah. Wannan fahimta kuskure ce, kuma talaka take cuta, domin masu keke su ne ɗalibai da leburori da masu kai kayan miya kasuwa, waɗanda in ƙafarsu ta karye tukunyar gidansu ta sauka daga murhu.

Addinin da ake fakewa da shi bai ce haka ba. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, ta bar yafiya a hannun iyalan mamaci. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai kora ta da mai jan ta. Malaman da suka rubuta wannan sun fi mu sanin ƙaddara. Yafiya alheri ce in mai haƙƙi ya yi ta da son ransa. Wadda aka tatsa da kunya danniya ce.

Za a ce direban ma talaka ne. Ai don haka tun dokar inshorar motoci ta 1945 aka tilasta wa masu mota yin inshorar da ke biyan wanda suka ji wa rauni. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, ɓarnar dukiya kuma ana biya har naira miliyan 3. Ke nan wanda aka matsa wa ya yafe, sau da yawa kamfanin inshora ya yafe wa.

Za a kuma ce shari'a na da tsada da jan ƙafa, takardun inshorar bogi sun yi yawa. Gaskiya ne, amma shirunmu ne ke raya bogin, tunda ba mai tambaya. Sulhu ma yana da kyau, muddin an yi shi da rahoton 'yan sanda da rasitan asibiti da lissafin watannin da mutum zai yi ba aiki. Limamai da masu unguwa su fara sanar da majinyaci haƙƙinsa tukuna, sannan su roƙe shi afuwa.