Lafiyar Iyali: Tsofaffinmu da Cutar Korona

 

A wannan wata za mu ɗauki wata tambaya da aka sha yi mana, a makaranta da kuma wurin gaisuwar makoki. Dattawa biyu, tsara ɗaya, aka kwantar da su a asibiti ɗaya saboda cuta ɗaya, watau korona. Ɗaya ya yi kwana goma ya koma gida wurin jikokinsa, ɗaya kuwa gawarsa aka kawo. Me ya raba su? Mun sani ran kowa a hannun Allah yake. Amma shi ne kuma ya ba likitoci basirar lura, kuma abin da suka lura da shi a kan dubban masu jinya bai kamata ya tsaya cikin littattafansu ba. Mu malaman makaranta ne, ba likitoci ba. Aikinmu shi ne mu karanta, mu sauƙaƙa, mu kawo muku.

Cutar ta ɓullo a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da ita a Legas. A watan Afrilu na wannan shekara mutanen Kano suka ga ana ta kai dattawa makabarta fiye da yadda aka saba. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an bincika mutuwar mutum 979, aka ga wajen rabi ko fiye tana da alaƙa da korona, kuma yawancin mamatan sun haura shekara 65, suna kuma da wani ciwo tun da. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce halin gaggawa ya wuce. Amma ba ta ce ƙwayar cutar ta ƙare ba, gama har yanzu tana kwantar da tsofaffi. Ga abubuwan da aka ga suna ƙara haɗari.

Na fari, yawan shekaru. A farkon 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta duba mutum 44,672 da aka tabbatar sun kamu. Gaba ɗaya, wajen mutum 2 cikin ɗari suka mutu. Amma cikin masu shekara 70 zuwa 79, mutum 8 ne cikin ɗari, cikin waɗanda suka kai 80 kuwa, kusan 15. Dalili shi ne garkuwar jikin tsoho ba ta tashi da sauri, huhunsa ya rage ƙarfi, tarinsa ma ba ya fid da majina kamar na saurayi.

Na biyu, ciwon da mutum ya shigo da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan lissafi na ƙasar Sin, cikin masu ciwon zuciya fiye da mutum 10 cikin ɗari suka mutu, masu ciwon sukari 7, masu hawan jini 6. A Birtaniya kuma aka bi labarin mutum 20,133 da aka kwantar a asibitoci 208 a 2020, rabinsu sun kai shekara 73 ko fiye. Lokacin da aka rubuta rahoton, ɗaya cikin huɗu ya riga ya rasu. Waɗanda haɗarinsu ya fi yawa su ne masu tsohon ciwon zuciya, ko huhu, ko ƙoda, ko hanta, da masu ƙiba ƙwarai. An kuma ga maza sun fi mata mutuwa. To, iyayenmu maza, ku da kukan ce zazzaɓi ba ya kwantar da namiji, sai ku ji wannan da kyau.

Na uku, ƙwarin jiki. Wannan shi ne abin da ya fi ba mu mamaki. Likitoci a Birtaniya da Italiya sun bi mutum 1,564 a 2020, suka ga ƙarfin da tsoho yake da shi kafin ciwon ya fi shekarunsa nuna yadda jinya za ta ƙare. Watau mai shekara 80 da yake zuwa gona da ƙafarsa, yana wanka da kansa, yana cin tuwonsa sosai, yana iya fin mai shekara 68 da ba ya tashi sai an kama shi. Saboda haka ba gata ba ne a hana tsohuwa ko da sharar tsakar gida, a ce ta zauna kurum ta huta. Jikin da ba ya motsi yana saurin lalacewa.

Na huɗu, halin da aka kawo shi asibiti. A asibitoci biyu na Wuhan an duba mutum 191, cikinsu 54 suka mutu. Ban da tsufa, abin da ya bambanta mamatan shi ne sun iso ciwon ya riga ya taɓa wasu gaɓoɓi ban da huhu, kuma awon jininsu ya nuna alamar daskarewa. Korona ba a huhu kaɗai take ɓarna ba, takan sa jini ya yi gudaji cikin jijiya, takan kuma taɓa ƙoda da zuciya. Wani abin lura kuma, iskar oksijin takan ragu ƙwarai a jinin mai korona alhali bai ji numfashinsa ya yi wuya ba. Yana zaune yana cewa da sauƙi, ciwo kuwa yana ci a ciki.

Na biyar, jinkiri da ƙarancin kayan aiki. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A 2021 aka buga rahoto a kan mutum fiye da 3,000 da ciwonsu ya yi tsanani a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, har da Nijeriya da Nijar da Gana. Kusan rabinsu suka mutu cikin kwana 30, alhali a sauran duniya wajen ɗaya cikin uku ne. Cikin dalilan da aka ambata akwai ciwon sukari, da ciwon ƙoda, da na hanta, da cutar ƙanjamau, da kuma jinkirin samun gado saboda rashin kayan aiki. Ba mu da iko a kan yawan gadajen asibiti. Amma kwana ukun da mukan ɓata a gida muna jiƙe-jiƙe muna cewa bari mu ga gobe, wannan a hannunmu yake.

To, me iyali za su yi?

Mu san alamun ciwo a jikin tsoho, gama ba kullum yake yin zazzaɓi ko tari ba. Wani lokaci alamar fari ita ce ruɗewa. Baba ya kira ɗansa da sunan ƙanensa da ya rasu, ko Kaka ta ƙi abinci, tana ta barci da rana, ko ta faɗi ba dalili. Kada mu ce tsufa ne kawai, kada kuma mu fara zargin maƙwabta. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya ciwo ne, a kai shi asibiti a ranar.

In da hali, a sami 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don awon oksijin. Mai lafiya yakan nuna 95 ko fiye. In ta sauka zuwa 92 ko ƙasa, ba sauran jira. Amma ku sani, a 2020 likitoci a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun nuna cewa a kan baƙar fata na'urar takan nuna lamba sama da ta gaskiya. Don haka in tsoho yana haki, ko ya kasa ƙarasa magana, ko ƙirji na ciwo, ku gaskata idonku fiye da na'ura.

A riƙa kula da tsohon ciwo tun ana lafiya. Maganin hawan jini da na sukari ba a daina shi don an ji sauƙi. Ran tafiya asibiti a kwashe dukan magungunan da yake sha, har da na gargajiya, a nuna wa likita. A kuma tafi da wanda ya san halinsa, wanda zai iya faɗin yadda yake makon jiya.

Kada a yi wa kai magani. A watan Yuni na 2020 masana a Jami'ar Oksfod suka sanar cewa wani magani mai araha, deksametason, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da ɗaya cikin biyar ga waɗanda ake ba oksijin. Amma ga waɗanda ba su bukaci oksijin ba, bai taimaka ba. Yana kuma ta da sukari, yana rage garkuwar jiki. Sayensa a kemis a ba tsoho a gida ganganci ne.

Sai allurar rigakafi. Ta iso Gana a watan Fabrairu na 2021, ta iso Nijeriya a Maris. Ba ta hana kamuwa ɗungum, amma tana rage tsananin ciwo da mutuwa ƙwarai, musamman ga tsofaffi. Ƙarfinta yana raguwa da tafiyar lokaci, saboda haka a tambayi ma'aikacin lafiya ko lokacin ƙari ya yi.

Na ƙarshe, gare mu ne mu masu zuwa gaisuwa. Mai mura ko tari ya dakata da shiga ɗakin tsoho, ya aika da gaisuwarsa da 'yar miyarsa. Yara da suka dawo daga makaranta su wanke hannu da sabulu kafin su hau cinyar Kaka. A buɗe taga iska ta shiga. Wanda aka sallamo daga asibiti kuma jinyarsa ba ta ƙare ba, yana bukatar abinci mai gina jiki, da ruwa, da ɗan tattaki kowace rana, da haƙurinmu, gama gajiyar takan ɗauki makonni.

Shekarun iyayenmu ba ma iya rage su. Amma awon jini, da shan magani a kan kari, da saurin zuwa asibiti, waɗannan aikinmu ne mu 'ya'ya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya. Sai wata mai zuwa.