Wa ke duba lafiyar masu koyon duba lafiyarmu?

 Maganarmu ta yau za ta sosa wa wasu rai, sai dai a yi haƙuri, don mun gaji da yin shiru.

A garuruwanmu, da zarar yaro ya samu Bak ya shiga fannin likita, an gama lissafi. Unguwa ta fara kiran shi "dokta" tun bai iya riƙe allura ba. Kawu na turo mishi takardar magani ta WhatsApp ya fassara, inna na ƙirga shekarun da sunka rage a sake rufin ɗaki, ƙanne na jiran ranar da zai ɗauke su. Kowa ya aza mishi kayanshi. Mai tambayar shi ko yana samun barci, babu.

To, ciwon damuwa, wanda likitoci ke ce ma depresiyo, yana cin ɗiyanmu a cikin waɗannan makarantu, kuma mun ƙi kiran shi da sunanshi. Ba ɓacin ran kwana ɗaya muke nufi ba. Likitoci sun ce idan mutum ya yi sati 2 ko fiye ranshi a jagule kusan kullum, abin da yake so da can ya fita daga kanshi, barci ya lalace, abinci ya ƙi shiga, karatu ya ƙi zama, yana ganin kanshi ba shi da wani amfani, to ciwo ne, kuma yana da magani. A 2016 mujallar likitoci ta Amurka mai suna JAMA ta tattara binciken da anka yi kan ɗaliban likita a ƙasashe sama da 40. Kashi 27 cikin 100 na da alamomin wannan ciwo, kashi 11 sun yi tunanin kashe kansu, kuma cikin masu alamomin kusan kashi 16 kaɗai sunka nemi magani. Ɗaya cikin huɗu ke nan, har da ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa.

Yanzu ku dubi namu. Ɗalibi a fakilten kiwon lafiya ta jami'ar Abdou Moumouni, ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maradi, ko ta André Salifou a Damagaram, ko yarinyar da ke koyon unguwarzoma a ENSP. Safiya yana asibiti wajen istaji, marece yana aji, dare yana gardi. A gardin nan zai ga jariri ya cika a hannunshi saboda jinin da za a ƙara mishi bai samu ba, ko uba ya fita neman kuɗin magani bai dawo kan lokaci ba. Gari na wayewa ya wanke fuska ya tafi jarabawa. Wa ya zauna da shi ya ce mi ka gani jiya? Kuɗin bursi, ga mai samu, sai ya yi watanni bai faɗo ba. Shekarar karatu ta hau kan wata, karatun shekara 7 ko 8 ya miƙe, abokanshi na lise sun yi aure suna da ɗiya, shi yana cin bashin gari da mai wajen mai shago. Ga zafin Afrilu a ɗakin haya babu iska. Wasu da shayi da Nescafé suke raba dare, wasu kuwa sun kai ga tramol, mun sani, ku ma kun sani.

Sai ka ji wani babba ya ce: "Mu ma haka munka sha, ba mu mutu ba." Ranka ya daɗe, kai ne ba ka mutu ba. Waɗanda sunka bar karatun a shekara ta 3 sunka koma ƙauye ba su magana da kowa, ba su zuwa taro su ba da labarinsu. Kuma tsawa da cin mutuncin ɗalibi gaban marar lafiya da danginshi, wanda wasu malamai ke kira horo, wane littafin likita ne ya ce yana ƙara basira? Muna girmama malamanmu, da yawansu na aiki cikin wahala su ma. Amma wanda ya san aikin ƙwaƙwalwa fiye da kowa a ƙasar nan bai kamata ya zama na farkon ce ma yaro raggo ba.

A gida kuma fassara ta fi yawa. Sammu ne, an yi mishi baki, iska ce, ko kuma imaninshi ya yi rauni. Wannan ta ƙarshen ta fi ciwo. Yaron da ke tashi sallar dare yana kuka, a ce mishi ba ya da tawakkali! Mai hawan jini ba mu ce mishi haka, mai ciwon suga ba mu ce mishi haka. Addu'a muke mishi, mu kai shi likita. Addininmu bai hana neman magani ba, malamanmu na faɗa a kan mumbari. Mi ya sa da an zo kan ciwon rai sai mu manta?

Ko da ya yanke shawarar neman taimako, ina za shi? A Yamai kowa ya san abin da ake nufi idan anka ce "a kai shi Pavillon E", zagi ne ya zama a bakin yara. Shi kuma ɗalibin nan can yake istaji, mai duba shi mai yiwuwa shi ne mai gyara takardar jarabawarshi, mai rubuta sunanshi a rajista abokin ajinshi ne. Gobe labari ya zagaya, a ce dokta ya taɓu, wa zai ba shi aure, wa zai yarda ya duba shi? Dole ya haɗiye.

Abin da muke nema bai kai kuɗin taron bita ɗaya a otel ba. A kowace makarantar kiwon lafiya a samu ɗaki da masanin halayyar ɗan Adam wanda ba ya koyar da su, ba ya ba su maki, kuma abin da anka faɗa mishi ba ya isa ofishin shugaban fakilte. Wanda ya kwana gardi a bar shi ya yi barci kafin a kira shi aji. Wanda likita ya ba hutu saboda wannan ciwo kar a kore shi, kar a yanke mishi bursi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP tun 2008 don koya ma likitoci da majo na ƙananan asibitoci gane damuwa da magance ta, saboda ta san ƙwararrun ba su isa ba. Sai a fara da masu koyon aikin kansu.

Ƙungiyar USN ma muna da magana da ku. Kun iya fitowa kan bursi da abinci da motocin ɗalibai, kuma kuna da gaskiya. Ku saka wannan cikin takardar buƙatunku, kar ku bari sai ranar 10 ga Oktoba a buga riguna a ɗauki hoto.

Iyaye, in ɗanku ya daina kira, ko ya ce ya gaji da duniya, kar ku ce zai wuce. Ku kira shi yau, ku bar zancen sakamako, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kanshi. Tambayar ba ta tura mutum ga aikatawa. In ya ce e, kar a bar shi shi kaɗai a ɗaki, a ɗauke magungunan da ke kusa da shi, a raka shi asibiti a ranar.