Kafin Ka Kawo Ƙaton Kare Gidanka



Saboda matsalar ɓarayi da masu haura katanga, magidanta da yawa a Maiduguri sun koma ajiye karen gadi, daga Bulumkutu har Gwange. Wani a ba shi kwikwiyo kyauta, wani ya tsinto a titi, wani kuma ya sayo ruwa-biyu, wato wanda uwarsa 'yar gida ce ubansa na Turai. Malamanmu sun yi bayanin halaccin kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, da dama daga cikinsu kuma sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗauka ba tare da shiri ba.

A birnin Landan akwai gidan Battersea, wanda aka kafa tun 1860 don karnukan da aka yasar. Kafin su ba ka kare sai sun yi masa allura, sun gwada halinsa, sun tambaye ka girman gidanka da ko akwai yara. In ba ka cancanta ba, su hana ka. Mu a nan wanda zai ba ka kwikwiyo ba ya tambayar ka komai, don haka kai ne za ka yi wa kanka waɗannan tambayoyi.

Na farko, allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya mutum ya tashi. Ana yi wa kwikwiyo rigakafi daga wata 3, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Ga asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Maiduguri, ga na gwamnatin jiha. Ka je, ka karɓi katin shaida, ka adana.

Na biyu, abinci da inuwa. Kwikwiyon da ka ɗauka a tafin hannu, cikin shekara guda zai zama ƙato mai cin abinci sosai, ragowar tuwon dare ba za ta riƙe shi ba. Kare mai yunwa shi ne yake fita bola yana bin kajin maƙwabta. Sannan a watan Afrilu zafin garin nan yana wuce digiri 40. Karen Turai mai yawan gashi yana shan wahala ƙwarai, shi ya sa nake ganin ɗan gida ko ruwa-biyu ya fi dacewa da mu. Ɗaure dabba a rana babu ruwa zalunci ne, kuma za a tambaye mu.

Na uku, haƙƙin maƙwabta. Almajirai suna shiga zaure, 'yan talla suna sallama, yara suna wucewa Islamiyya. Da rana kare ya kasance a killace, da dare a sake shi cikin gida bayan an rufe ƙofa. Idan tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, mai kare kuma ya ɗauki kuɗin magani. Kada a tsaya shafa gashin kare a kan ciwon, ba ya maganin komai.

Shawarata ga masu unguwanni da ƙungiyoyinmu ita ce a rubuta gidajen da ke da kare, a gayyato likitan dabbobi ya yi musu allura rana ɗaya. 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, ta dace da wannan aiki. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon yakan daina yaɗuwa.

Wanda ya san ba zai iya waɗannan ba, ya ƙara tsawon katanga, ya sa hannu a kuɗin 'yan sintiri, ya bar kwikwiyo wajen uwarsa.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu.

Sakataren Ƙungiya