Ginin Turkawa A Idon Matafiya

 Yau zancenmu na ƙasar Turkawa ne, da abin da waɗansu matafiya biyu suka gani na gine-ginenta.

Na fari shi ne Ibn Batuta, mutumin Tanja, wanda ya zo har Takadda wajen Azbin cikin 1353. Tun kafin wannan ya ratsa ƙasar Turkawa, sa'ad da mulkinsu bai ƙasaita ba. Ya ce a garin Balikesir ya tarar ba su da masallacin Jumma'a, sai wani da suka ta da bangonsa a bayan gari ba su rufe ba, suna salla a inuwar itatuwa. Da ya isa Kustantiniya, watau Istambul, tana hannun Rumawa tukuna. Ya ga Aya Sofiya, babbar majami'ar da aka gama cikin 537, amma daga waje ya tsaya, gama an ce ba mai shiga sai ya yi sujada ga gicciye. Sai cikin 1453 Sarki Muhammadu na Biyu ya ci birnin, ya mai da ita masallaci.

Na biyu Auliya Calabi, haifaffen Istambul cikin 1611, wanda ya cika littafi goma da labarin tafiye-tafiyensa. Ya siffanta masallacin Sulaimaniya, wanda Sinan sarkin magina ya gina wa Sarki Sulaimanu daga 1550 zuwa 1557. Tsawon kubbarsa daga ƙasa ya ɗara ƙafa 170. Ya ce ya ga Turawa goma masana gini sun shiga ciki, da suka ɗaga kai sai kowa ya sa yatsa a baki don mamaki. Masallacin kuwa ba shi kaɗai ya ke tsaye ba. Kewaye da shi an gina makarantu, da asibiti, da gidan wanka, da gidan ciyad da matalauta, duka bisa wakafi.

To, jama'a, ku dubi nisan da ke tsakanin inuwar itace da wannan kubba. Da mutanen nan ba su bar labari a takarda ba, wa zai san mafarin abin? Mu kuwa alhajinmu ya kan komo da dabino da zamzam da tasbaha, in ka tambaye shi yadda ginin ƙasashen ya ke, sai ya ce, "Kai, sai wanda ya gani!" Ko masallacin da Babban Gwani ya gina a Zariya, mu nawa muka taɓa zama muka rubuta siffarsa?

An ce tafiya mabuɗin ilmi, amma in matafiyi bai rubuta ba, da shi za a binne mabuɗin. Saboda haka ina roƙon duk wanda Allah ya nufa da tafiya, ya sa alƙalami da takarda cikin guzurinsa. Allah ya sa mu dace, amin.

Naku,
Wani Akawu.